Talatin Ɗin da Kawu Arvid Ya Zaɓa

Westby, Wisconsin
4 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga 'yata Marit,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya kuma iskar tekun Kanada ba ta yi gaba da ke ba, don yadda na gan ki a hoton da kika aiko, ba sai ta yi wani yunƙuri ba. Mu nan sai godiya. Innarki Verna tana nan da hawan jininta, tana shan magani ranar da ta tuna. Ni kuwa gwiwar hagu ta bi sahun ta dama. Likita ya ce a yi mini aiki a watan Yuni, na ce masa ya fara zuwa ya nemi izini wurin shanu hamsin da biyu.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekarata saba'in da ɗaya, tsuguno a gindin saniya ya ishe ni. In Allah ya kai mu ƙarshen Mayu zan rabu da shanun tatsa, in ba yayarki Karin da mijinta Lyle karsana goma sha biyu su haɗa da garkensu a Viroqua. Dukkansu jinin Dagros ne, saniyar da babana ya jawo da ƙafa daga kasuwa a 1936. In suka shiga hannun Karin, zan kwanta a gadon asibiti da kwanciyar rai.

Sai Lyle ya ce ba zai karɓa ba sai an yi wa garkena gwajin ciwon hanjin nan mai ramar da saniya, wanda likitoci ke kira Johne. A kan teburina ya faɗa, bakinsa cike da naman da na yanka. Na ji zafi, amma na haɗiye. Likitan dabbobi ya ce jinin shanu talatin zai ɗiba ƙarshen wata. Ke da kika shekara uku kina karatun lissafin gwajin shanu, ki warware mini: yaya talatin za su ba da shaidar hamsin da biyu, har da karsanar da ba za a ko taɓa su ba?

Ki riƙa cin abinci.

Kawunki,
Arvid Tollefsrud


Charlottetown
15 ga Oktoba, 1998

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Lafiyata ƙalau, kuma ban rame ba, rigar ce babba. Ka ce wa gwiwar ta haƙura zuwa Yuni.

Na yi murna ƙwarai da maganar karsanar. Kada ka riƙe Lyle a rai, garkensa yake karewa, kai ma da haka za ka yi.

Tambayarka ita ce abin da nake kwana ina tashi da shi. Inna ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri, cokali ɗaya take ɗanɗanawa, amma sai ta juya miyar tukuna. Talatin ɗin nan cokalin ne. Gwajin jinin ba shi da kaifin ido: cikin shanu goma masu ciwon, kamar huɗu yake kamawa. Amma in ciwon yana jikin saniya ɗaya cikin kowace goma a garke, aka gwada talatin, to sau bakwai cikin goma za a kama ko da ɗaya ce, kuma ɗayar nan ta isa ta tona asirin garken duka. Karsana kuwa gwajin ba ya ganin komai a jikinsu. Tun suna maruƙa suke ɗaukar ciwon a nono da kashi, ya yi lamo shekaru kafin ya fito. Shi ya sa iyaye ke ba da shaida a madadinsu.

Ga juya miyar, kuma don Allah kada ka tsallake nan. Ba kai za ka zaɓi talatin ɗin ba. Ka rubuta lambar kunnen duk saniyar da ta haihu sau biyu ko fiye, kowace a 'yar takardarta, ka zuba a hularka, Inna ta rufe ido ta ciro talatin. Wadda ta fito ta fito.

Taka,
Marit


Westby
23 ga Oktoba, 1998

Malama Mai Lissafi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an gama yankan masara, Verna ta fara saƙa miki safa.

Albishirinki! Talatin cikin talatin, fes, ko ɗaya ba a samu da komai ba. Likitan ya sami sarari ya zo tun sha uku ga wata, don haka wasiƙarki jiya ta iso, ta tarar an gama komai. Maganar hular ta ba mu dariya. Verna ta ce ko za a biya ta ba za ta sa hannu a hular nan ba, ta san shekarun da ta yi ba a wanke ba.

Da kin ga rumfar ranar. Kwana biyu muna shiri. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ware talatin mafi kyau, masu sheƙin gashi da cikar hantsa, yadda nake warewa in za mu gasar shanu ta gunduma. Muka wanke su, muka aske jela, muka shimfiɗa sabuwar ciyawa. Tsofaffin na kora su makiyayar bayan tudu, musamman Tyra da ke fama da zawo tun Agusta. Ɗanyar ciyawa ce ta ɓata mata ciki, amma ba zan bar baƙo ya ga saniyata da ƙazanta har ƙafa ba. Likitan ya iso a gaggauce, ya tarar da su a jere, ya ce bai taɓa shiga rumfa mai tsabtar wannan ba.

Na kai wa Lyle takardar da kaina. Ya karanta sau biyu, ya miƙo mini hannu. Karin har da hawaye. An sa ranar ashirin da biyu ga Mayu zai zo da tirela.

Kawunki mai farin ciki,
Arvid


Charlottetown
2 ga Nuwamba, 1998

Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Ina sauri ne, akwai aji a gabana, amma wannan ba ta jira.

Takardar nan ba ta nuna komai ba. Ka gwada ƙanana masu ƙoshin lafiya, waɗanda gwajin ya fi makancewa a kansu, ka ɓoye tsofaffi da mai zawo a bayan tudu, alhali can ne ciwon yake in yana nan. Lissafin talatin ba ya aiki a haka. Lyle ya dogara da takardar da ba ta da tushe. Sai an gwada sauran ashirin da biyun, Tyra a gaba.

Marit


Westby
14 ga Nuwamba, 1998

Marit,

Muna lafiya. Wasiƙarki ta iso.

Shekara hamsin ina sayar da madara, ba a taɓa dawo mini da ko gwangwani ɗaya ba. Ban san sai na tsufa 'yar ƙanwata za ta rubuto ta ce na ɓoye abu don in cuci mijin 'yata ba.

Safar tana cikin kunshin. Daga Verna take.

A. Tollefsrud


Charlottetown
26 ga Nuwamba, 1998

Kawuna,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, ko za ka amsa ko ba za ka amsa ba. Safar tana ƙafata yanzu haka. Ka gaya wa Inna ta yi mini daidai.

Na ga yadda ka sa hannu a wasiƙarka, kamar mai rubuta wa ofishin haraji, sai na zauna a bakin matakala na yi kuka. Na yi kuskure, ka yafe mini. Na rubuto maka da irin bakin da muke gyara wa juna aiki a makaranta, na manta da wa nake magana. Ban taɓa zaton ka yi nufin cuta ba, ko na daƙiƙa ɗaya. Ina da shekara tara lokacin da Mama ta rasu ka zo ka ɗauke ni. Na tuna kafin mu shiga coci ranar jana'iza ka durƙusa ka goge mini takalma da hankicinka, ka ce ba a fita gaban mutane sai da kyan gani. Abin da ka yi wa shanun ke nan. Ka fito da su gaban baƙo yadda mai mutunci yake yi.

Matsalar ita ce idonka ya yi kyau da yawa. Kai kana hango saniyar da ba ta jin daɗi tun daga bakin shinge, kafin ita kanta ta sani. Da ka ware masu kyau, ka riga ka yi rabin aikin gwajin da idonka, ka tura duk wadda ake tuhuma bayan tudu, aka bar wa allurar likita waɗanda ba su da abin faɗa. Don irinka aka ƙirƙiro ƙuri'a, Kawu. Hula ba ta san saniya mai kyau ba.

Ba na cewa ciwon yana garkenka. Cewa nake ba mu sani ba, ni da kai da Lyle. Kuma na san yadda muke yi a gida: duk dakashin da aka tatsa bayan haihuwa a bokiti ɗaya ake haɗawa a shayar da maruƙa. In saniya ɗaya tana da shi, karsanar nan goma sha biyu sun sha daga gare ta. Su shiga garken Yaya Karin lafiya sumul, bayan shekara uku a fara ganin ramewa a rumfarta, a rasa ta inda ya shigo. Kai kaɗai za ka sani. Wannan nauyin ne ba na so ka ɗauka.

Garkenka ne, hukuncin naka ne. Ko me ka yanke, ni taka ce.

Marit


Westby
29 ga Disamba, 1998

'Yata,

Gaisuwa, da barka da Kirsimeti. Kujerarki ta zauna babu kowa, Verna ta gasa lefse, gurasar dankalin nan tamu, kamar za a ciyar da coci guda. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, gwiwar kuma tana gaya mini hakan kowace safiya.

Na daɗe ban amsa ba. Mako biyu wasiƙarki tana aljihun rigar aikina, har ta ɗauki warin rumfa. Verna kuwa kullum in na zauna cin abinci sai ta tambaye ni, “Yaya cikin Tyra yau?” Ta san amsar sarai. Ɗanyar ciyawar ta ƙare tun Oktoba, zawon bai tsaya ba. Ci take kamar doki, ƙashin bayanta yana ƙara fitowa.

Na kira likitan. Wannan karon ban wanke kowa ba. Da na gaya masa yadda na yi zaɓen farko, ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce shi ma da laifinsa, da ya tambaya. Ya ɗebi jinin ashirin da biyun. Biyu sun nuna: Tyra, da wata mai suna Gullros wadda ko tari ban taɓa jin ta yi ba.

Yanzu ki gaya mini gaskiya, kuma kina iya faɗa da bakin makarantarku, na shirya. Gwajin nan ba ya ƙarya ne?

Maganar takalman, ban tuna ba. Amma na gode da kika tuna.

Kawunki,
Arvid


Charlottetown
9 ga Janairu, 1999

Kawu,

Barka da sabuwar shekara. Ina lafiya, sai ɗan mura. Da na ga rubutunka a bayan ambulan, a tsaye na buɗe shi a gidan waya.

Yana ƙarya, amma ba sosai ba. Cikin lafiyayyun shanu ɗari yakan yi wa ɗaya ƙazafi. Da guda ce ta nuna cikin ashirin da biyun, da na ce ka ɗan saki ranka, domin ko garke mai tsabta aka yi wa haka, sau ɗaya cikin biyar za a sami ƙazafi guda. Amma biyu a tare, a garke mai tsabta, kamar sau biyu cikin ɗari ke nan. Ga kuma zawon Tyra. Ba zan ruɗe ka ba, na fi zaton ciwon yana nan.

Akwai gwajin da zai raba gardama. A ɗebi kashinsu a kai ɗakin gwaji a jira ƙwayar ciwon ta tsiro. Ƙwaya ce mai nawa, sai an yi mako goma sha shida. In ta tsiro, magana ta ƙare. Kafin nan ka ware su biyun, kada dakashinsu ya sake shiga bokitin maruƙa.

Kuma Kawu, Lyle fa? Har yanzu takardar farko ce a hannunsa.

Taka,
Marit


Westby
13 ga Mayu, 1999

'Yata Marit,

Gaisuwa mai yawa. Ciyawa ta fito, an saki shanu makiyaya, suna ta tsalle kamar ba iyayen wasu ba. Verna lafiya. Ki yi haƙuri da gajerun katunan da na riƙa aiko miki watannin nan, ba ni da abin faɗa ne sai jira.

Sakamako ya zo shekaranjiya. Ƙwayar ta tsiro a kashin duka biyun. Tyra ma ba ta jira shi ba, tun Maris na sa aka kashe ta don ta huta.

Zan faɗa miki abin kunya. Duk watannin nan ban gaya wa Lyle ba. Na riƙa ce wa kaina sai an tabbatar. Ya zo a Afrilu yana ba ni labarin sabon shingen da ya kafa wa karsanar, na bar shi yana ta magana. Da takardar ta zo, na tsaya a bakin akwatin wasiƙa na lissafa: saura kwana goma sha ɗaya, karsanar suna sheƙi, ba mai gwajin da zai ga komai a jikinsu, kuma ba wanda ya sani sai ni da ke da Verna da likita. Na yi wannan tunanin, Marit. Bai daɗe ba, amma na yi shi.

Sai na shiga mota na tafi Viroqua. Na same su suna tatsar yamma. Na ce, “Lyle, kada ka wahalar da tirelarka.” Na ba shi takardun duka, na gaya masa har da zancen bayan tudu. Sai ya ce, “Baba, da ka yi shiru da ban taɓa sani ba.” Na ce, “Shi ya sa na zo da wuri, kafin in saba da shirun.” Karin ta rungume ni da rigarta duk madara. Lyle ya rako ni har mota, abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri 'yata.

To ga tambaya ta ƙarshe, Malama. In na fasa rabuwa da shanun, na bi duk dokokinki, shekara nawa kafin lissafinki ya yarda jinin Dagros ya shiga gonar Karin?

Kawunki,
Arvid


Charlottetown
24 ga Mayu, 1999

Kawuna,

Ina gaishe ku. Na karanta wasiƙarka sau uku. Ban taɓa alfahari da kowa kamar yadda nake yi da kai yau ba.

Amsar ba ta da daɗi. Lissafina ba zai taɓa rantsewa cewa babu ciwon ba, sai dai shakka ta yi ta raguwa duk shekarar da aka gwada garken duka ba a sami komai ba. Karsanar nan goma sha biyu sai su zauna a gida. Waɗanda za su tafi su ne maruƙan da za a haifa daga yanzu, in an raba su da uwa tun kafin su kama nono, aka shayar da su dakashin saniyar da aka gwada, a keɓe. Sai sun girma sun haihu, an gwada su, an sake gwadawa. Shekara huɗu, in komai ya tafi daidai. Na zana maka jadawalin a takardar da ke haɗe.

Kawu, shekara huɗu a kan gwiwoyin nan ba wasa ba ne. In ka ce ka gaji, ba wanda zai ga laifinka, Kaka ma da yana raye ba zai gani ba. Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka ɗaga aikin asibitin. Na nemi izini, zan iso biyar ga Yuni in riƙe tatsa har ƙarshen Agusta. Hannuna bai manta ba.

Taka har kullum,
Marit


Westby
31 ga Mayu, 1999

'Yata,

Gaisuwa. Wataƙila ki bar Kanada kafin wasiƙar nan ta iso miki, amma na kasa haƙuri. Verna ta share ɗakinki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu ba kya cin albasa.

Na iya lissafi ni ma daidai gwargwado. Saba'in da biyu zan cika a Satumba, in aka ƙara huɗu, saba'in da shida. Babana ya tatsa har saba'in da takwas, kuma shi ba a sa masa gwiwar ƙarfe ba.

Jiya da hantsi saniyata Sunniva ta haihu, mace. Ina tsaye a kanta. Kin san ni, tun ina yaro ban taɓa hana maraƙi kwana ɗaya da uwarsa ba, ina ganin haƙƙinsu ne su biyun. Na bar ta ta lashe ta sau biyu, sannan na naɗe 'yar a bargo na ɗauke ta. Daga rumfa zuwa sabon ɗakin maruƙa taku sittin ne, na huta sau uku. Uwar ta yini tana kira, har yanzu da nake rubutu ina jin ta. Na koma na tsaya kusa da ita na ba ta haƙuri da baki, Verna tana leƙe ta taga tana share ido.

Maraƙar ta shanye kwalba biyu. Ƙafafunta dogaye, goshinta da farin tabo. Na rubuta lambarta a layin farko na jadawalinki, na manna shi a ƙofar ɗakin madara. Na kuma kwafe wani da hannuna na kai wa Karin, na nuna mata inda aka tsaya da abin da ya rage, shekara bayan shekara. Ta ce, “Baba, me zan yi da shi, ai kana nan.” Na ce ta ajiye dai. In na kai, ni zan buɗe wa Lyle ƙofar tirela da hannuna. In ban kai ba, ta san daga layin da za ta ci gaba.

Ki taho da takalman aiki, tsofaffin naki ɓeraye sun cinye.

Kawunki,
Arvid